Za mu shiga jirgin ruwa da Hajiya, kuma ba mu taɓa ganin teku ba

Ɗan Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen wanda ya taɓa hawa irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, masu ɗakunan kwana da wuraren cin abinci a ciki.

Yayana yana koyarwa a Durban, can Afirka ta Kudu. Ya daɗe yana roƙon Hajiyarmu ta je ta ga jikokinta, bana dai ta yarda, da sharaɗin ni zan raka ta. Sai kuma ya ɓullo da wata: wai akwai tafiyar 'yan kwanaki a jirgin ruwa cikin watan Disamba, a tashi daga Durban a je wani tsibiri a Mozambik a dawo, yana so ya kama mana ɗaki mu tafi har da iyalinsa. Ya ce in ba shi amsa da wuri don kuɗin na ƙara hawa.

Ni ruwan da ya fi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Zobe, shi ma daga bakin gaɓa. Hajiya kuwa ta ba sittin baya, ga hawan jini, ga suga, ga gwiwa. Jirgin sama ba ya ɗaga mata hankali, ta yi hajji ta yi umra. Amma duk ranar da rediyo ta ba da labarin kifewar kwale-kwale a Neja ko Kebbi, sai ta dube ni ta ce, "To ka dai ji." Tambayoyinta biyu ne: yaya za ta yi salla a kan ruwa, kuma wa ya yanka naman da za a ba ta. Ni tawa damuwar takardu ce da kuɗi, don Yaya ya daɗe rabonsa da bin layin biza. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Injiniya daga Daura

Wa alaikumus salam ƙanena. Sana'ata ke nan, a ɗakin inji nake, na fara da jiragen dakon kaya kafin in koma na fasinja. Da abin da ka sa a ƙarshe zan fara, don duk ɗan ƙasarmu da na ga tafiyarsa ta lalace, kusan kullum a tudu ta lalace, tun bai taka jirgin ba.

Jirgin zai bar Afirka ta Kudu, ya shiga ƙasar Mozambik, ya dawo. A idon jami'an shige da fice kun fita kun sake shiga ke nan. In bizar da kuka karɓo ta shiga sau ɗaya ce, ranar da jirgi ya ɗaga ta ƙone. Ka nemi wadda ake shiga da fita da ita fiye da sau ɗaya, ka haɗa da takardar kama ɗakin jirgin cikin takardun da za ka miƙa, su ga dalili. Batun Mozambik kuma, kada ka yarda da "ai ba komai Alhaji" na ejan. Yayanka ya rubuta wa kamfanin jirgin da kansa, ya ce ga mutum biyu masu fasfon Najeriya, me ake buƙata daga gare su. Su amsa a rubuce, ka buga amsar a takarda ka sa a jaka. Kada kuma ku ce ai Hajiya ba sauka za ta yi a tsibirin ba. Sau da yawa ƙa'idar kan duk wanda ke cikin jirgin take hawa, ya sauka ko bai sauka ba. A teburin tantancewa na tasha ake duba wannan. Na ga magidanci da iyalinsa, sun ci ado, akwatunansu har an ɗauka, aka sake fito musu da su aka jera a bakin ƙofa saboda hatimi ɗaya da babu. Kuɗin kuma ba a mayarwa.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowarku, da shafukan da ba a buga komai a kai ba. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai shiga Afirka ta Kudu daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka a binciko katin da Hajiya ta yi hajji da shi. In ba a taɓa yi mata ba, kada a kai ta kawai a tsira mata. Wanda ya haura sittin sai likita ya duba shi tukuna.

Ranar shiga jirgi ku je tasha da wuri. Akwai lokacin da ake rufe ƙofa, kuma ana rufewa. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za ka leƙa ka ce wa direba ya dakata fasinja ɗaya ya zaga bayi. Hukumar tasha ta ba shi lokacin fita, an kira matuƙin da zai fitar da shi daga mashiga, duk jinkiri kuɗi ne. Haka ma in kun sauka yawo: lokacin dawowa yana rubuce a bakin tsani, kuma da agogon jirgi ake aiki.

Yanzu tsoron Hajiya. Ka gaya mata gaskiya, kada ka ce ba a taɓa haɗari ba. Amma kwale-kwalen da take ji a rediyo na katako ne, an labta masa mutane da buhuna fiye da ƙima, sau da yawa cikin dare, ba mai rigar kariya ko ɗaya. Wannan kuwa ƙarfe ne mai hawa fiye da goma, yana ɗaukar fasinja sama da 2,000, kowa da rigar kariyarsa, kowa da wurin da aka rubuta masa ya je in wani abu ya faru. Kafin a tashi za a yi atisaye a nuna muku wurin. Wasu na ɗaukarsa ɓata lokaci, ni abin na ba ni haushi. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma fasinjojin da suka shiga a ranar ba a kai ga yi musu atisayen ba, don dokar lokacin ta ba da sararin awa 24. Bayan nan aka gyara dokar: yanzu kafin tashi ake yi, ko da zarar an tashi. Ka kama hannun Hajiya ku taka daga ƙofar ɗakinku zuwa wurin taruwar ta matakala, don in ana gaggawa ba a hawa lif. In gwiwar ba za ta iya ba, ka faɗa wa ma'aikata tun ranar farko su rubuta sunanta cikin waɗanda za a je a ɗauko. Alamar gaggawa busa ce gajera sau 7, sai doguwa ɗaya.

Ɗaki kuma, kada Yaya ya ruɗu da na can sama ko na goshin jirgi don kyan kallo. Nan ne ya fi lilo. Ya kama na tsakiya, hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lif. Tekun da ke gefen Durban ba lafiyayye ba ne kullum, akwai ruwa mai ƙarfi da ke gangarowa kudu ta bakin gaɓar, in iska ta yi karo da shi sai ya tashi. Jirgin yana da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da muke buɗewa su rage tangaɗi, amma ragewa suke yi, ba hanawa ba. Maganin jiri irin su Stugeron ana shansa ne tun kafin zuciya ta fara tashi, kuma yana sa barci. Na Hajiya likitanta ne zai zaɓa. Citta na taimakawa, haka fita waje a kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Kwanciya a rufaffen ɗaki ana latsa waya ita ke ƙara shi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: irin tsibiran nan ba su da matsayar babban jirgi. Nesa da gaɓa ake jefa anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Takawa daga babba zuwa ƙarami alhali ruwa na ɗaga shi yana saukewa, ba aikin mai ciwon gwiwa ba ne. In da ni ne, ranar zan bar ta a jirgi ta huta, lokacin ma ya fi daɗi don kowa ya watse. In kuma kyaftin ya ga ruwa ya yi fushi ya soke saukar gaba ɗaya, ba a ja da shi.

Maman 'Yan Biyu

Injiniya ya gama da na maza, bari in kawo na cikin ɗaki. Mu daga Dubai muka shiga da maigida lokacin sanyi, muka zaga Abu Dabi da Doha, amma tsarin jiragen kusan ɗaya ne.

Ƙanina, ka tsaya a kan Hajiya ranar da take haɗa kaya, don na san halinmu. Ba a shiga da kaskon turaren wuta, ba gawayi, ba bona ta lantarki, ba dutsen guga, ba butar dafa ruwa, ba doguwar wayar soket mai jan wuta. Duk abin da ke zafi ko hayaƙi an hana, wuta ce babbar abin tsoronsu, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a silin. Wata baiwar Allah 'yar Sakkwato da muka haɗu da ita, har bayan isha'i akwatinta bai iso ɗaki ba. Na raka ta can hawan ƙasa inda aka kira ta. Wani dogon tebur muka tarar, an jera dutsen guga kala-kala da wuƙaƙe da hita, kowanne da 'yar takarda a ɗaure, ga kaskonta na ƙasa a tsakiyarsu da ƙullin gawayi a leda. Jami'in yana ta jujjuya shi yana shinshinawa. Sai ranar sauka aka ba ta abinta. Humra da turaren fesawa dai ba mai hana ku.

Abin da za ku ɗauka kuwa, buta ce ta farko. Ta roba, ƙarama. Banɗakin ɗan tsukuku ne, takarda kawai suke ajiyewa. Masan kuma da iska yake zuƙa, da wata ƙara mai firgitarwa. Ka gwada wa Hajiya tun da rana kada ta fara jinta cikin dare. Ba a jefa komai ciki sai takardarsu, in ya toshe har maƙwabta yake shafa. Ta tafi da silifas mai kama ƙasa saboda alwala, da darduma mara kauri, da rigar sanyi don ɗakin cin abinci kamar firji yake. A saman jirgi kuma iska ce mai fizge mayafi, hijabi ya fi.

Manyan akwatuna a bakin tasha ake karɓa, sai yamma ko dare su iso ƙofar ɗaki. Magungunanta, fasfo, caja, hijabin salla da kaya kala ɗaya duk su zauna a jakar hannu. Daren ƙarshe ma haka ake yi, a fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, sai a ware kayan da za a sa da safe.

Kilishi da dambun nama ku haƙura. Tun a filin jirgin sama za a iya karɓewa, ƙasashe ba sa wasa da shigo da nama. Yaji a roba mai murfi shi ne ya cece ni, don abincinsu ga yawa ga kyan gani, amma salam. A kan nama, Yaya ya rubuta tun wajen kama ɗaki cewa abincin halal kuke so, kada a bari sai an shiga. Daren farko ka nemi shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci ka maimaita masa. A wurin ɗiba da kanka ne ake taka tsantsan: naman alade yana nan da safe a gefen ƙwai, wani lokaci a yanka shi ƙanana a cikin shinkafa ko miya, kuma ana zuba giya a wasu miyar da kayan zaƙi. Ka riƙa duban sunan ma'aikaci a ƙirjinsa, har da ƙasarsa ake rubutawa. 'Yan Indunusiya suna da yawa kuma ba a rasa musulmi a cikinsu. Wata yarinya a cikinsu, daga na yi mata sallama, kullum sai ta bi ni da ido, in na nufi tiren da bai dace ba ta girgiza kai. Kifi, ƙwai, shinkafa, burodi da kayan marmari kuwa ba sa yankewa.

Sai abin da ba wanda ya gaya mini kafin in je. Hawan da wurin wanka yake, mutane kusan tsirara suke yawo, ga kiɗa, ga giya a hannu. Gidan caca kuma a wasu jiragen a tsakiyar hanya yake. Ka zaga kai kaɗai tukuna ka gano hanyar da za ka riƙa bi da ita. Saboda haka ni na fi son ɗaki mai baranda ga dattijuwa ko da ya fi tsada: ta zauna da carbinta ta sha iska ba wanda ya dame ta.

Kuɗi ba a taɓa shi a ciki. Kowa za a ba shi katinsa guda ɗaya, shi ne makulli, shi ne shaida, shi ne aljihu, kuma da dala ko yuro yawanci ake lissafi. Daɗin miƙa katin shi ne haɗarinsa, musamman a hannun yara. Abinci na cikin kuɗin ɗaki, da ruwa da shayin wurin ɗiba da kanka. Lemon kwalba, hoto, wanki, intanet da yawon gari duk daban ne. Akwai kuma ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, dala goma sha wani abu. Ku tambaya ko an riga an haɗa shi. Kada ka dogara da katin naira. Ko Yaya ya ɗaura asusun a katinsa, ko ka ajiye dala a teburin karɓar baƙi su riƙa cira.

Alhajin Babbar Kasuwa

Ni fa ban ga abin wahalar da tsohuwa ba. Wurin da ake caca da shan giya, me ya kai Hajiya? Kuɗin nan da umra aka ƙara mata da ya fi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Maman 'Yan Biyu

Alhaji, ranka ya daɗe, maganarka na kan hanya, amma ai jikokinta za ta bi, kuma otal ɗin da 'yan kasuwarmu ke sauka a Dubai da Guwanzu ma ba masallaci ba ne. Wanda abin ya tsaya masa a rai, tun Disambar 2024 Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna Aroya, yana tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, babu giya babu caca. Sai a haɗa da umrar. Kakanninmu ma da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, ai a jirgin ruwa suka tsallaka daga Suwakin zuwa Jidda.

Malamin Islamiyya, Rafindaɗi

Ɗana, a gaida Hajiya, a ce mata salla a jirgin ruwa tsohuwar mas'ala ce, malamai sun gama da ita tun da daɗewa. A tsaye ake yi in za a iya. In tangaɗi ya yi yawa ko jiri ya kama ta, ta zauna, sallarta ta yi.

Alƙibla ce ke son lura. Mu a Katsina mun saba gabas muke kallo, har ta zame mana jiki. A Durban Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Kada ta ga fitowar rana ta shimfiɗa darduma. A mazhabarmu ta Malikiyya mai salla a jirgin ruwa yana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya yana cikin salla shi ma ya juya in da hali. Ƙasaru kuna da ita a kan ruwa kamar yadda kuke da ita a tudu. A gidan Yayanka ne za ku cika in kun yi niyyar zaman kwana 4 ko fiye. Haɗa salla biyu saboda tafiya kuwa, malamanmu a tafiyar tudu suka yi rangwamensa, Shafi'iyya da Hanbaliyya ne ba su bambanta ba. Tunda ga ɗaki ga ruwa, ku yi kowace a lokacinta.

Disamba can bazara ce, yini dogo, rana na fitowa kafin ƙarfe 5, kuma agogonsu ya riga namu da awa ɗaya. Wanda ya jira lokacin asubar Katsina zai tashi rana ta take. Kifi da duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, hadisi ya tabbata cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. In za ku taka jirgin ku karanta abin da Annabi Nuhu, alaihis salam, ya faɗa a Suratu Hud, aya ta 41: Bismillahi majreha wa mursaha.

Ɗan Ƙofar Sauri

Allah shi saka muku da alheri baki ɗaya, har da Alhaji. Na karanta wa Hajiya duka bayan magariba. Maganar arewa ce ta fi ba ta mamaki, ta kaskon kuma ta ce za a sake zama. Injiniya, saura biyu: manhajar alƙibla ta waya za ta yi aiki a ciki? Kuma allurar suga da take yi sai a firji, ya za mu yi?

Injiniya daga Daura

Kamfas ɗin waya ba abin yarda ba ne a ciki, ƙarfe ya kewaye ka ta ko'ina, sai ka ga kibiyar na yawo. Kunna talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa. A tafiya Mozambik alƙibla na wajen goshi, ɗan hagu kaɗan. A dawowa tana wajen baya. Ranar da aka jefa anga ne jirgi ke jujjuyawa da iska, sai ka duba kafin kowace salla.

Tunda ka ambaci waya: da jirgi ya bar gaɓa ka kashe layinka da na Hajiya, ku bar wayfay kawai. A tsakiyar teku layin na kama wata hanyar sadarwa ta tauraron ɗan'adam mai tsadar gaske, saƙonnin murya na zumuntar WhatsApp kaɗai sun isa su cinye abin da ke ciki. Ka gaya wa 'yan gida za a ji ku shiru na 'yan kwanaki, ko ku sayi intanet na jirgi a waya ɗaya.

Ƙaramin firjin ɗaki na sanyaya lemo ne, ba kullum yake kai sanyin da allura ke so ba. Yaya ya sanar da kamfanin tun yanzu, su tanadi inda za a ajiye ta da robar zubar da allurai. Ku ɗauki magani fiye da na kwanakin tafiyar, a cikin kwalayensa na asali, da wasiƙar likita da Turanci mai ɗauke da sunayen magungunan. Akwai likita da ɗan asibiti a jirgin, amma kuɗi ake biya, masu nauyi kuwa, kuma inshorar lafiyarmu ta gida ba ta aiki a can. Ku yi inshorar tafiya wadda ta ambaci jirgin ruwa ƙarara, ka kuma rubuta musu suga da hawan jinin a fom ɗin, don ciwon da aka ɓoye ba sa biya a kansa. Takardun bizar nan kuma ka fara haɗa su cikin makon nan, layin ƙarshen shekara tsawo gare shi.